Yadda Ake Gina Taswirar Doom, da Abin da Aka Gada Daga 'Yan TeamTNT

A ranar 10 ga Disamba 1993 wani ƙaramin kamfani a jihar Texas ta Amurka, id Software, ya saki wasan kwamfutar nan mai suna Doom. Wasa ne na harbi, kana ganin duniya ta idon sojan da kake tuƙawa, kana ratsa ɗakuna da lunguna cike da dodanni har ka kai ƙofar fita. Akwai jini da siffofi masu ban tsoro a cikinsa, don haka ba na ƙananan yara ba ne, gara a faɗi wannan tun da wuri. Abin da ya sa har yau ake zancensa wata dabara ce ta John Carmack, babban mai rubuta manhajar kamfanin. Ya raba injin wasan daban, kayan cikinsa daban. Taswirori da hotuna da sauti duk suna zaune a fayil guda da ake kira WAD, kuma injin ya yarda ka ɗora masa wani ƙaramin WAD naka a kan na asali ba tare da ka taɓa na asalin ba. Carmack ya ga irin wahalar da masu sha'awa suka sha wajen yi wa wasansu na baya, Wolfenstein 3D, kwaskwarima, sai ya bar musu ƙofa a buɗe.

Ba a ɗauki lokaci ba mutane suka shiga. A farkon 1994 manhajar zane mai suna DEU ta fito, wadda Brendon Wyber ya fara, Raphaël Quinet ɗan ƙasar Beljiyam ya ɗora a kai har ta kai ana iya gina sabuwar taswira da ita tun daga tushe. Ɗalibai da ma'aikatan ofis suka duƙufa, kowa yana gina nasa da dare. Yawancin abin da aka yi a 1994 tarkace ne, gaskiya: ɗakuna murabba'i, haske ɗaya ko'ina, dodanni jibge kamar an zazzage buhu. Amma daga cikin tarkacen ne aka samu waɗanda hannunsu ya faɗa, kuma da Doom II ya fito a ƙarshen shekarar da taswirori 32, sai buri ya ƙaru. Mutum ɗaya zai sha wuya kafin ya gina 32, amma mutum ashirin fa?

Haka TeamTNT ta samo asali. Taron masu sha'awa ne da ke warwatse a garuruwa da ƙasashe daban-daban, suna aika wa juna fayil ta intanet ɗin wancan zamani mai tafiyar hawainiya, kuma Ty Halderman ne ya daɗe yana jan ragamarsu. Aikinsu na farko shi ne TNT: Evilution, cikakkun taswirori 32 da sabon kiɗa da sababbin hotunan bango. Sun yi shelar za su raba shi kyauta a watan Oktoba 1995. Ana gab da sakinsa John Romero na id Software ya tuntuɓe su, kamfanin yana so ya saya. Suka amince. Masu jira suka fusata, wasu suka ce an ci amanar al'adar kyauta. A watan Yuni 1996 aikin ya fito a kasuwa cikin Final Doom, tare da wani jerin 32 mai suna The Plutonia Experiment, wanda 'yan'uwa biyu 'yan Ingila, Dario da Milo Casali, suka gina cikin wata huɗu, kowanne ya ɗauki 16. Dario daga baya ya samu aiki a kamfanin Valve, ya yi aikin Half-Life. Ita kuwa ƙungiyar ba ta watse ba. Ta saki Icarus: Alien Vanguard kyauta a 1996, ta yi Eternal Doom, sannan da id Software ya buɗe rubutun injin ga kowa a Disamba 1997, sai 'yan ƙungiyar irin su Jim Flynn da Lee Killough da Rand Phares da shi Halderman suka gyara shi, suka fito da Boom a 1998. A ganina Boom ya fi Evilution muhimmanci nesa ba kusa ba, domin ya cire iyakoki da dama da ke karya tsohon injin, ya ƙara abubuwa kamar daɓe mai tafiya da iska mai tura mutum da ruwa mai zurfi, kuma har yau da tsarinsa ake gina taswirori masu yawan gaske.

Wannan shi ne gidan da za ka shiga. Ga yadda ake aikin.

Kayan aiki

Abu uku kake buƙata. Na farko fayil ɗin wasan na asali, DOOM2.WAD, wanda ke zuwa idan ka sayi wasan. In ba ka da shi, akwai Freedoom, wanda wasu masu sha'awa suka yi kyauta da hotunansu da dodanninsu, kuma yana karɓar taswirorin Doom II. Na biyu manhajar zane. Wadda aka fi amfani da ita yau ita ce Ultimate Doom Builder, jikar Doom Builder ɗin da Pascal van der Heiden ya fara. In kwamfutarka tsohuwa ce ko kana kan Linux, Eureka ta fi sauƙin nauyi. Na uku injin da za ka riƙa gwaji da shi: DSDA-Doom, ko GZDoom, ko Chocolate Doom ga mai son komai yadda yake a 1993. Duka kyauta ne ban da fayil ɗin asali, kuma ba sa cin data mai yawa. Da zarar ka sauke su, sauran aikin ba ya buƙatar intanet. Sai dai ka saba wa yatsunka da Ctrl da S, don wutar lantarki ba ta sallama in za ta tafi.

Da ka buɗe sabuwar taswira manhajar za ta tambaye ka tsarin da kake so. Zaɓi na Boom a kan Doom II, ka sa wa taswirar suna MAP01. Akwai wani tsari na zamani, UDMF, mai ba ka damar yin kusan komai, kuma wannan yawan damar ce ke kashe sabon shiga. Bar shi sai gaba.

Yadda duniyar take a ƙasa

Duk abin da ka gani a Doom daga zane na shimfiɗe ya taso, kamar kana leƙen gida daga sama bayan an yaye rufin. Akwai ɗigo, akwai layi da ke haɗa ɗigo biyu, akwai kuma sakta, wato filin da layuka suka kewaye suka rufe ruf. Kowace sakta tana da tsayin daɓenta, tsayin silinta, hoton daɓe da na silin, da ƙarfin haske daga 0 zuwa 255. Layin da sakta ke gefensa guda kawai shi ne bango. Layin da ke tsakanin sakta biyu kuwa hanya ce, ko taga, ko bakin matakala, gwargwadon bambancin tsayin ɓangarorin biyu. Na huɗu su ne kayan da ake ajiyewa a ciki: wurin farawar ɗan wasa, dodanni, bindigogi, magani, makullai, fitilu. A Ultimate Doom Builder harafin V yana kai ka ga ɗigo, L ga layi, S ga sakta, T ga kaya.

Daga nan doka ɗaya ta fito wadda dole ka haɗiye: sakta ɗaya daɓe ɗaya gare ta da silin ɗaya. Babu ɗaki a kan ɗaki, babu gada da za a bi ta sama kuma a bi ta ƙarƙashi. Ɗan wasan ba ya tsalle, ba ya durƙuso. Wanda ya zo da tunanin wasannin zamani zai ga kamar an ɗaure masa hannu, amma ƙwararrun sun gina birane da jiragen ruwa da wannan ƙa'idar.

Sai lambobin da za ka haddace. Tsayin ɗan wasa awo 56 ne, faɗinsa 32. Yana iya hawa tudun da bai wuce 24 ba, in ya kai 25 ya zama katanga. Matakala mai daɗin hawa ana yi mata 8 ko 16 a kowane taki. Ɗaki na yau da kullum tsayinsa 128. Lungu mai faɗin 64 matsattse ne, na 128 yana barin mutum ya kauce wa wuta. Hotunan daɓe kuwa 64 ne a 64, kuma a manne suke da ragar taswirar, ba sa bin saktarka. Shi ya sa in za ka yi dandamalin da ke cilla mutum wani wuri, dole ya zauna daidai kan ragar 64, in ba haka ba hoton zai fito a yanke. Riƙe raga a 32 ko 64 lokacin zana manyan ɗakuna, ka sauko 8 ko 16 sai wajen ƙananan ayyuka.

Fara da ɗaki ɗaya. Danna Ctrl da D, ka zana layuka har ka dawo ɗigon farko, sakta ta samu. Koma T, ka ajiye wurin farawar ɗan wasa na ɗaya, ka juya kibiyarsa ta kalli inda kake so idon mutum ya fara sauka. Zaɓi layi ɗaya na bango, ka ba shi aiki mai lamba 11, wato makunnin fita, ka sa masa hoton makunni. Danna F9. In ka tsinci kanka tsaye a ɗakin, ka je ka danna makunnin, allon sakamako ya fito, to ka gama taswira. Mummuna ce, amma cikakkiya ce, kuma duk abin da zai biyo baya ƙari ne a kanta.

Ƙofa

Zan daɗe a kan ƙofa, domin wanda ya fahimce ta ya fahimci rabin injin. A Doom babu wani abu mai suna ƙofa. Sakta ce siririya wadda aka sauko da silinta har ya taɓa daɓe, in an danna sai silin ya ɗaga.

Zana ɗaki na biyu nesa kaɗan da na farko, ka haɗa su da lungu mai faɗin 128. A tsakiyar lungun ka yanka sakta mai kaurin 16. In daɓen yana 0, mai da silin wannan saktar 0. Yanzu layuka biyu sun tsaya a gaba da bayanta, kuma kowanne yana da ɗan ƙaramin tsinke a tsakiyarsa mai nuna fuskarsa. Tsinken nan dole ya kalli waje, wajen mai zuwa, domin aikin ƙofa yana taɓa saktar da ke bayan layi ne. In ya kalli ciki, zaɓi layin ka danna F ya juya. Ba layukan biyu aiki mai lamba 1: a danna, ta buɗe, ta jira wajen daƙiƙa huɗu, ta rufe. Hoton ƙofar, misali BIGDOOR2, a gurbin sama na fuskar layin ake sa shi, ba a na tsakiya ba, domin abin da ido ke gani shi ne bangon da ya sauko daga sama. Saura gajerun bango biyu na gefe, inda ƙofar ke zamewa. Sa musu DOORTRAK, ka kunna musu alamar da manhajar ta rubuta Lower unpegged. In ka manta da ita, duk sanda ƙofar ta ɗaga sai gefunan su bi ta sama, kuma duk wanda ya taɓa yin taswira zai gane sabon hannu ne tun daga ƙofar farko. Ƙofar tana tsayawa awo 4 ƙasa da silin mafi ƙanƙanta da ke maƙwabtaka da ita, don haka tsayin lungun shi ke yanke tsayin buɗewarta.

Ƙofa mai makulli haka take, lamba kawai ke canzawa: 26 ta shuɗi, 27 ta rawaya, 28 ta ja. Yi mata ado da zanen launin makullin a gefe don kada mutum ya tsaya yana canka. Sauran abubuwa masu motsi kuwa, kamar lifta ko bangon da ke buɗewa daga nesa, suna aiki da lambar haɗi: ka ba layi lamba, ka ba sakta irin lambar, sai taɓa wannan ya motsa wancan. Ka riƙa rubuta lambobin a takarda. In sun kai talatin ba za ka tuna ba.

Tsarin tafiya

Kafin ka zurfafa, kashe kwamfutar ka ɗauki biro. Taswira mai kyau ba layi ɗaya ba ce daga farko zuwa ƙarshe. Dubi yadda ake gina gidan gargajiya a birnin Kano ko Zariya: daga zaure ba ka hango tsakar gida, sai ka karya kwana, ka ratsa shigifa, sannan fili ya buɗe maka. Haka ake so mai wasa ya riƙa samun wuri kaɗan-kaɗan. Nuna masa jar ƙofa tun a minti na farko, ya taɓa ta ta ƙi buɗewa. Bari ya hango jan makullin ta taga, a kan wani tudu da bai san hanyarsa ba tukuna. In ya zagaya ya ɗauko shi, kada ka sa ya sake taka duk doguwar hanyar da ya bi a banza. Buɗe masa gajeriyar hanya, ko bango ya sauka ya tsinci kansa a ɗakin da ya sani, amma yanzu da sababbin baƙi a ciki.

Romero ya sha bayyana ƙa'idojin da ya bi wajen gina kashin farko na Doom, kuma har yanzu suna aiki. Daga ciki akwai cewa in hoton daɓe zai canza, to tsayin daɓen ma ya canza. A sa wani siririn hoto ya raba tsakanin bango iri biyu. A riƙa gwama duhu da haske, matsatsi da sarari. A sa alamomin da mutum zai gane inda yake da su. In ana hango waje, a samu hanyar fita can. A dawo da mai wasa wuri ɗaya fiye da sau ɗaya don ya fahimci ginin. Buɗe taswirarsa ta farko, E1M1, a cikin manhajar zane, ka ga ƙanƙantarta. Za ka yi mamaki.

Ƙanƙanta ita ce shawarata mafi girma. Evilution tana da taswirori masu kyau, amma a kashinta na ƙarshe akwai waɗanda mutum zai yi ta yawo a dogayen lunguna ba kowa, kuma masu wasa sun daɗe suna kuka da irin su Habitat. Plutonia kuwa yawancin nata gajeru ne, a dunƙule, kowane ɗaki da tarkonsa, shi ya sa aka fi kwaikwayonta. A 2003 Erik Alm ya fitar da Scythe, wadda taswirorinta na farko ake gamawa cikin 'yan mintoci, kuma har yau ana tura sababbi su koya daga gare ta. An ma yi ayyukan haɗin gwiwa da aka ce kowa ya tsaya cikin fili mai awo 1024 a 1024. Taswirarka ta farko ta zama ɗaki biyar ko shida da makulli ɗaya.

Game da ado ba zan ja ba. Danna Q ka shiga cikin ginin da idonka, ka ɗaga daɓe ko silin da ƙafar linzamin kwamfuta, ka daidaita hotunan bango da harafin A don kada bulo ya karye a kwana. Zaɓi hotuna huɗu ko biyar masu jituwa ka tsaya a kansu. Sa F_SKY1 a silin ka samu sararin sama. Haske kuwa kada ya zama ɗaya: 192 a ƙarƙashin fitila, 128 a gefe, 96 a lungun da kake so gaban mutum ya faɗi. Injin ba ya yin inuwa da kansa, kai ne za ka zana ta da sakta.

Dodanni da lissafin harsashi

A nan ne ake gane mai taswira. Kowane dodo yana da aikinsa. Sojoji masu bindiga ba su da ƙarfi, mai ƙaramar bindiga ransa 20, mai shotgan 30, mai bindiga mai jigida 70, amma harbinsu ba a kauce masa, yana isowa nan take. Don haka in ka jera su a fili mai nisa ba wurin fakewa, ka zalunci mai wasa. Imp ransa 60, yana jifa da ƙwallon wuta da ake iya gocewa. Demon, wanda aka fi sani da Pinky, ransa 150, cizo kawai yake yi, aikinsa tare hanya da matse mutum a lungu. Cacodemon mai shawagi 400 ne, Revenant 300 da makaminsa mai bin mutum, Hell Knight 500, Baron 1000. Arch-vile ransa 700, yana ta da matattu, kuma yana ƙona duk wanda ya tsaya a idonsa, saboda haka duk inda ka sa shi dole ka sa ginshiƙin da za a ɓuya. Cyberdemon 4000 ne. Kada ka sa shi a taswirarka ta farko, ko da 'yan Casali sun zuba 13 a taswirar Plutonia mai suna Go 2 It.

Faɗa mai daɗi daga haɗi yake fitowa. Pinky biyu suna turo ka baya, Imp uku a kan tudu suna jifa, ga ganga mai fashewa a tsakiya: mutum zai yi tunanin wa zai fara kashewa, ina zai tsaya. Imp ashirin a ɗaki ɗaya kuwa aiki ne kawai. Ka tuna dodanni suna faɗa da junansu in wani ya harbi wani bisa kuskure, kuma mai wayo zai yi amfani da hakan, don haka ka ba shi filin zagayawa. Ka tuna kuma suna ji. Harbi ɗaya yana ta da duk wanda ke saktocin da ke buɗe da taka, rufaffiyar ƙofa ce ke tare sauti. In kana so wani ya yi kwanton ɓauna har sai ya gan ka, kunna masa alamar Ambush. Tarkon da aka fi yi shi ne ƙaramin ɗaki a bayan bango, a cika shi da dodanni, a sa layi a kewayen makulli wanda ke buɗe shi da an taka. Yana aiki, amma in ka yi shi a kowane makulli, an gane ka.

Yanzu lissafi. A ce ka sa Imp 10, Pinky 2, Cacodemon 1. Jimillar ransu 600 da 300 da 400, wato 1300. Harsashin shotgan ɗaya yana fitar da ƙwaya 7, in duk sun samu yana cin kusan 70. Kenan kana buƙatar wajen harsashi 19 in ba a yi kuskure ko ɗaya ba, kuma babu mai wasan da ba ya kuskure. Akwatin harsashi yana ɗauke da 20, ƙananan tarin kuwa 4. Sa akwati ɗaya da tari uku ko huɗu, a warwatse, wasu a inda sai an yi kasada kafin a ɗauka. Mutum yana farawa da harsashi 50 na ƙaramar bindiga, kowanne yana cin kusan 10, wannan shi ne rararsa. Magani ma haka: ƙarami yana ƙara 10, babba 25. Ajiye shi bayan faɗa, ba kafinsa ba. Maɓoya kuwa, saktar da ka ba nau'i na 9, ta ƙunshi abin jin daɗi, amma kada gama taswirar ya dogara da gano ta. Kuma ka bar alama, ko hoton bango da ya ɗan kauce ko fitila mai ƙyaftawa.

Gwaji

Kowane kaya yana da alamomin da ke cewa a wane matakin wuya zai bayyana, mai sauƙi, matsakaici ko mai tsanani, da kuma wata alamar da ke cewa sai in mutane da yawa ne ke wasa tare. Gina na tsanani tukuna, sannan ka rage dodanni a sauran. Amma ka yi hattara da alamomin nan a kan makullai. A Final Doom da aka sayar a shaguna, taswira ta 31 ta Evilution, mai suna Pharaoh, ta fita da makullin rawaya ɗauke da alamar wasan taro. Wanda ke wasa shi kaɗai ya zo wurin, babu makulli. Sai ƙwararru ne suka gano dabarar tsallake wurin, kuma sai da TeamTNT ta fitar da gyara daga baya. Aikin mutane da yawa ne, ya ratsa hannun kamfani, amma alama guda ta kuɓuce wa kowa.

Saboda haka gwaji iri uku ne, ba a tsallake ko ɗaya. Na farko na manhaja: danna F4 ta binciko saktar da ba ta rufe ba, da dodon da ya maƙale a bango, da gurbin da ba hoto. Gurbin da ba hoto shi ke jawo wannan ɓaraka da ake ganin hotuna suna maimaituwa kamar ido ya samu matsala. Na biyu naka: buga taswirar daga farko har ƙarshe da ƙaramar bindiga kawai a hannu, a kowane matakin wuya, ba tare da lambobin satar hanya ba. Yi ƙoƙarin karya ta. Faɗa kowane rami ka ga ko akwai mafita. Ruga ka wuce ƙofa kafin ta rufe, ka ga ko za ka kulle kanka. Na uku shi ne mai zafi: ba wani ya buga, ka zauna a bayansa, ka kama bakinka. Inda ya tsaya yana dube-dube, laifin taswirar ne. Kai ka san inda makunnin yake don kai ka sa shi. In ka ce masa "duba hagu", ka ɓata gwajin.

In ku da yawa ne

Aikin gayya irin na TeamTNT yana da nasa sharuɗɗan. Tun kafin a zana layi ɗaya a amince da injin da za a yi wa aikin, da tarin hotunan bango guda da kowa zai ɗiba, wanda mutum ɗaya ke riƙe da shi yana gyarawa da manhajar SLADE. In kowa ya shigo da nasa hotunan, ranar haɗawa sunaye za su yi karo. A raba gurabe da sanin halinsu: a Doom II gurbi na 7 yana da dokar kansa da ke jiran mutuwar wasu dodanni, daga na 15 ake samun hanyar ɓoye zuwa na 31, na 30 kuma shi ne na babban dodo. A jera taswirorin daga sauƙi zuwa wuya, ba bisa wanda ya riga kawowa ba. A sa ranar rufe karɓa. Sannan a samu mutum ɗaya da zai iya cewa "wannan ba ta kai ba, a koma a gyara", a kuma yarda da hukuncinsa tun farko, don in aka bari sai an kawo aiki, zumunci zai hana faɗin gaskiya. Maganar kuɗi da izini ma a yi ta a rana ta farko, rigimar 1995 ta isa darasi. Kuma kada ku ce sai 32. Ku uku ku yi shida ku gama ya fi ku goma ku yi shekara uku a kan rabin aiki.

Idan an gama, ana haɗa WAD ɗin da 'yar takardar bayani: sunan aikin, masu shi, gurbin da ya maye, injin da aka gwada da shi, da ko an yarda wani ya ɗauki abin ciki ya yi amfani da shi. Kada ka taɓa saka DOOM2.WAD a ciki, mallakar kamfani ne. Ma'ajiyar da ake kai irin waɗannan ayyuka ita ce idgames, wadda ta faro tun 1994, Ty Halderman kuma ya kula da ita shekaru masu yawa har zuwa rasuwarsa a 2015. Tun 2004 ake ba da kyautar Cacowards duk ranar 10 ga Disamba ga ayyukan da suka fi fice a shekara, kuma shi kansa Romero ya dawo ya saki sababbin taswirori masu suna Sigil a 2019.

Kai dai a daren yau zana ɗaki biyu, ka haɗa su da ƙofar da gefunanta ba sa motsi, ka sa Imp uku da shotgan ɗaya, gobe ka kira ƙaninka ko abokinka ya buga kana kallo.